Yashin Zia Nunziata

Kafin ƙararrawar coci ta buga bakwai, Zia Nunziata Cerrone (Zia, wato goggo, haka duk muke kiranta) ta ɗora kofi, ta yanka burodi da cuku, ta bubbuga ƙofar baƙin da suka kwana a gidanta. "Ku tashi! Barci kuka zo yi ko kallo?" Sai ta tasa su gaba, bokiti a hannu, su gangara ta gonar zaitun zuwa kangon Rumawa da ke ƙasan ƙauyenmu, Roccavetere. Ita ce mai kula da kangon, shekara talatin da takwas tana wannan. Ni direban bas ne, ni nake kwaso mata baƙin daga tashar jirgin ƙasa, saboda haka ba labari aka ba ni ba.

Kangon ba wani babba ba ne: ginshiƙi huɗu, rabin bango, sai daɓen ƙananan duwatsu masu launi. A bushe ba ka ganin komai. Idan ta watsa ruwa, sai ga hoton kare yana bin zomo, jan harshensa a waje. Na ga farfesoshi sun durƙusa suna kallo a wurin.

Da an gama tsinkar zaitun a Nuwamba, takan binne daɓen da yashin rafi, kaurin taƙi guda, ba ta buɗewa sai bikin Ista. Surukinta ya koya mata: ruwa yana shiga tsakanin duwatsun, sanyi ya daskarar da shi, su fashe. Baƙon da ya zo da hunturu, wake da taliya zai ci, ta ce masa, "Karen yana barci. Ka dawo da bazara."

Shekara shida da suka wuce aka turo mana Dottore Pasqualoni, wato Dakta, daga ofishin kayan tarihi na birni. Manyan baƙi za su zo a Janairu, yana so su ga daɓen. Ya tsaya da takalminsa mai ƙyalli ya ce, "Signora, wane ne ya zuba wannan shara a kan kayan tarihi?"

"Ni ce. Kuma yashi ne, Dottore. Shara tana bayan mahauta in ita kake nema."

"A kwashe shi yau."

"Haba ɗan nan! Ka taɓa kwana a ƙauyen nan da Janairu? Ruwan tulu ma dutse yake zama."

Ya ce shi ya yi karatu. Ta ce ita ta yi hunturu talatin da biyu. Ma'aikatansa suka fara sharewa daga gefen zomo. Ita kuwa ta tattara siket ɗinta ta zauna daram a kan ɗaya gefen, inda karen yake, ta ciro saƙarta. "Wanda ya isa ya ɗaga ni." Ba wanda ya isa. Biyu daga cikinsu a hannunta suka ci abinci suna yara.

Baƙi suka zo, suka ɗauki hoton zomo, suka tafi. Aka hana ta mayar da yashin. Sanyi ya yi kwana tara yana sauka. Da na raka ta kangon, zomon ya zama tsakuwa, kunne ɗaya ya rage. Ta durƙusa tana tsince duwatsun cikin zanen kicin ɗinta, tana kuka. Ni ma na yi, kuma har yau raina a ɓace yake. A rahotonsu suka rubuta wai tsufa ne ya cinye shi. Tsufa! Shekara dubu biyu bai cinye shi ba sai a kwana taran nan?

Zia, ke ce kika tsare karen nan da jikinki. Ba a sa sunanki a allon bakin ƙofa ba, sunan waɗanda suka kashe zomon ne a kai. Oho dai. Mu mun san wadda ta zauna.

Bana ta cika saba'in da biyu, gwiwa ta ƙi. Ofis ya aiko mata da takardar godiya mai layi uku, aka karɓe makulli, aka garƙame kangon, wai sai an naɗa sabon mai kula. Daɓen yana buɗe, Nuwamba ta kama, ba a naɗa kowa ba. Na je na same ta na ce, "Zia, shi ke nan, karen zai bi zomo."

Ta harare ni. "Gaetano, kai dai tuƙi kawai ka iya. Makulli suka karɓa. Sun karɓi bokiti ne?"

Ran Lahadi bayan coci muka jeru daga rafi har bangon kango, mu arba'in da wani abu, da mai gidan burodi, da limamin coci, da wasu Jamusawa biyu da suka sauka a gidanta. Bokitin yashi yana bin hannu yana tsallake bango, ana zubawa a kan daɓen. Tana zaune a kujera tana faɗa: "Ba haka ba! A hankali, ba kabari kuke cikewa ba!"

Mun gode, Zia Nunziata. Ku kuma masu karatu, in akwai abin da kuka san zai lalace a garinku, kada ku tsaya jiran mai makulli. Ofis ya aiko da wasiƙa yana tambayar wanda ya zuba yashin. Duk ƙauyen muka sa hannu a kan amsar, nata a sama.