Ranar da Na Ƙi Batirin Kawuna

Shekarun baya, lokacin da na fara aikin yi wa dabbobi allurar rigakafi, na sayi wata tsohuwar mota mai ɗaki a ciki: gado, ɗan murhu da ƙaramin firigo. Wani Bature matafiyi ta ƙi wa tashi a bakin gadar Gaya, ya gaji ya sayar da ita. Mutanen Malanville suka sa mata suna Kunkuru, wai da gidanta take yawo kuma saurinsu ɗaya. Ni ko a jikina, tunda tana kai ni rugage.

Batiri biyu gare ta. Ɗaya na tayar da inji, ɗayan na riƙe firigo idan an kashe mota. Na biyun nan shi ne aikina gaba ɗaya, domin allura in ta yi ɗumi ta zama ruwan banza.

Wata safiya a bayan Madekali na buɗe firigo na ji shi da ɗumi kamar aljihu. Batirin ya mutu. Ga makiyaya sun koro shanu tun daga nesa suna jira. Da na ga dama da na tsira musu allurar haka nan, ba mai ganewa sai bayan wata biyu. Na zubar da ita a gabansu. Ardonsu ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Likita, kasuwa mai zuwa muna dawowa. In ka sake taho muna hannu wofi, kada ka ƙara tahowa."

Da na koma gida mahaifiyata ta yanke hukunci tun kafin in zauna. Ƙaninta ne babba a layin masu batiri a kasuwa, saboda haka wurinsa za ni, magana ta ƙare.

Kawuna ya tarbe ni da murna, ya sa aka jawo wani ƙaton batirin kamiyo, irin na manyan motocin kaya, da aka canza wa ruwa aka goge shi yana sheƙi. A layin nan gwajin batiri guda ne tun zamanin kakanni: a ɗauki guntun waya a haɗa kawunansa biyu. In tartsatsi ya tashi, batiri lafiya lau. Kawu ya haɗa, wuta ta yi tas, maƙwabta suka gyaɗa kai.

"Ka gani? Wanga kamiyon albasa ya ɗauka har Kwatano. Mi a firigonka?"

Na ce, "Kawu, tada inji ƙarfin lokaci guda na. Ni mai jimiri nika biɗa, wanda za ya wuni yana ba da wuta kaɗan-kaɗan."

"Kai za ka koya min batiri? Ni na yanka ragon sunanka."

Gaskiya saura kaɗan in miƙa masa kuɗin. Amma fuskar ardon nan ta faɗo mini, sai taurin kan da mahaifiyata ke cewa na gado wurin ubana ya motsa. Na ce ba zan saya da tartsatsi ba. A haɗa shi da firigona, in zauna nan, in ya kai la'asar da sanyi na ɗauka.

Na kawo Kunkuru har ƙofar shagon, na shimfiɗa tabarma a inuwarta. Dariya kuwa na sha ta. 'Yan kabu-kabu suna tsayawa su tambaya ko batirin ƙwai zai yi da nake gadinsa. Wata mai kifi ta ce boko ya taɓa ni. Na yi kunnen uwar shegu, ina leƙa ma'aunin sanyi kamar mai jinya.

Muna dawowa daga sallar azahar na tarar firigo ya yi shiru. Na cire wayoyin. Kawu kuwa ya juya yana gyara abin da bai lalace ba. Na ji tausayinsa, amma ban yi nadama ba.

Washegari na je wurin wani mai kayan sola da ke zuwa daga Kamba. Ya nuna mini wani batiri marar kyan gani, bai kai na kawu girma ba, amma na ɗaga na ji kamar turmi. Shi ma na ce sai an gwada. Ya ce, "Zamna har ka gaji." Ya wuni, ya kwana, da safe ruwan da na sa a firigo yana kashe haƙori.

Mahaifiyata ta yi kwana biyar ba ta amsa gaisuwata da kyau, wai na tozarta ɗan'uwanta a tsakiyar kasuwa. Wannan ya yi mini ciwo ƙwarai. Amma ranar kasuwar Madekali na yi wa shanu allura har hannuna ya gaji, kuma har yau rugar ardon nan ni suke kira.

Abin da na koya shi ne, ba girin-girin ba, ta yi mai. Kunyar babba abu ne mai kyau, amma da na bi ta ranar nan, shanun mutane ne za su biya. Ko yau aka maimaita, tabarmar nan zan sake shimfiɗawa.

Bayan damina kawu ya aiko a kira ni, tumakinsa na son allura. Ina haɗa sirinji ya zo ya buɗe firigon da kansa, ya zura hannu, ya bar shi a ciki ya daɗe. Sannan ya rufe a hankali, ya dubi tumakin, ba ni ba.

"To, fara da babban ragon," in ji shi.