Shekarar da Kanwa Ta Yanke

Jiya da la'asar maƙwabtanmu suka cinna wa kara wuta a bayan katanga. Da hayaƙin ya shigo tsakar gida, sai na ajiye tsintsiya na zauna na yi kuka mai isata. Kada ka yi mamaki. Hayaƙin karan gero daban yake da na itace, yana da wani ɗan zaƙi a hanci, kuma duk ranar da na shaƙe shi mutum biyu nake gani, kakata da maigidana. Dukansu ƙasa ta rufe musu ido, Allah Ya kai haske kabarinsu.

A hannun kakata na tashi, a wani ƙauye kusa da Garki. Tsohuwar nan ba ta taɓa sayen kanwa ba. Bayan girbi takan sa ni in share fili fes, har sai ba ko tsinke, sannan mu tara karan gero mu ƙona da sanyin safiya kafin iska ta tashi. Tokar sai ta zuba ta a wata tsohuwar tukunya mai huji a gindi, wadda ta shimfiɗa wa ciyawa, ta riƙa zuba ruwa kaɗan-kaɗan yana ɗiga cikin kasko. Wannan jan ruwan shi ne kanwarmu. Na tsani aikin nan, don idona ja yake yi, hannuna ya yi kaushi.

Wata rana na ce, "Iya, kanwa fa kwabo ce a kasuwa."

Ta ce, "To miƙo kwabon, 'yar masu kuɗi." Sannan ta ƙara da cewa, "Kanwa baƙuwa ce, raƙuma ke kawo ta daga arewa. Ran da baƙo ya yi fushi, ɗan gida ake nema."

Aure ya kawo ni Dutse, unguwar Limawa, na manta da toka. Da garin ya zama babban birnin jiha, maigida ya samu aikin masinja, har da keken kai takardu. Ni kuma na kafa tukunyar ɗanwake a bakin ofisoshi. Kafin azahar na sayar na wanke tukunya. Muka ɗauka haka za a dawwama.

Sai shekarar nan ta zo. Ni ban yi karatu ba, abin da na tsinta a rediyon maigida shi ne manya sun yi sa-in-sa a kan kuɗin masu gadin iyaka, kowa ya kafe a kan bakansa. Aka garƙame ofisoshi, albashi ya tsaya, iyaka kuma ba shiga ba fita. Ashe duk garin a jikin albashin nan yake rataye. Ma'aikatan da ke haya a Takur suka kwashe iyali suka koma garuruwansu. Mai shayi ya kife kofuna. Mahaucin da ke yanka sa ya koma yanka akuya, ita ma har magariba tana kan tebur. Ni na zauna a bakin ƙofar da aka sa wa kwaɗo, ƙuda ne kawai ke zuwa. Sannan kanwa, wadda ta Maigatari take shigowa, ta yanke ƙaf. Wake ya ƙi nuna sai ya cinye itacen kwana biyu, miyar kuka ta koma kamar ruwan wanki.

Abu ɗaya ya rage mana, gonar gado a bayan duwatsu, da dabinan da mahaifin maigida ya dasa da hannunsa. Wani dillali ya fara zarya a kan a sayar da gonar. Ranar da na karkaɗe buhun geronmu na ƙarshe, maigida ya zauna a bakin ɗaki bai dube ni ba.

Ya ce, "Uwar yara, gobe zan ce wa dillali na amince."

Na ce, "Malam, ka ba ni kasuwa biyu."

"Ki yi me da su? Ki sayar wa kwaɗon ofis ɗanwake?"

Na ce ya dai ba ni. Ya aika wa dillali cewa ya dawo bayan mako biyu.

Zan faɗa maka wautar da na fara yi. Zaman birni ya koya mini son sauƙi, sai kawai na kwashi tokar murhu na tace, na kwaɓa ɗanwake da ita don gwaji. Ashe itacen darbejiya muke hurawa. Maigida ya kai loma ɗaya ya runtse ido.

"Uwar yara, ɗanwake ne wannan ko maganin zazzaɓi?"

Yara suka bushe da dariya, ni kunya ta rufe ni. A nan na gane abin da ya sa Iya take sa ni sharar fili har bayana ya ƙage. Tokar miya ba ta son haɗi. Kara zalla, a ƙasa mai tsabta.

Kara kuwa ga shi jibge a gonar da ake shirin sayarwa. Washegari na share fili kamar Iya na tsaye a kaina. Na ƙona, na huda tsohuwar tukunyata, na tace. Da na taɓa ruwan na ji santsi a yatsu, na ɗanɗana ya ciji harshena, sai na ce alhamdu lillahi. Na dafa shi a kasko har ya ƙafe, na dunƙula curi-curi. Miyar ranar ta yi yauƙi, kowa ya siɗe kwano.

Maigida, wanda ya saba ɗaukar takardun manya, ya koma ɗauko mini kara a keken. Abokansa na zaman majalisa suka sa shi gaba.

"Malam masinja, wane ofis za a kai wannan takarda?"

Ya ce, "Ofishin uwar yara. Shi kaɗai ke buɗe a garin nan."

Na kai tokar kasuwar Shuwarin. Tsofaffi na lasa suka gane ta, suka ce rabonsu da ita tun suna 'yan mata. Kuɗi ba su a hannun kowa, amma mutanen ƙauye suna da hatsi, sai muka koma musaya. Mai gero ta ba da gero, mai wake ta ba da wake, wata Bafulatana ta ba ni man shanu. A kasuwa ta biyu, keken da ƙyar ya turu zuwa gida saboda nauyin buhu. Ina biye da maigida ina jin yana waƙe-waƙe ƙasa-ƙasa, mutumin da ya yi wata bai yi murmushi ba.

Ranar alkawari dillali ya zo bayan la'asar. Ina daga bayan zaure ina ji. Suka gaisa, ya yi gyaran murya ya ce ya zo jin magana.

Maigida ya ce, "Alhaji, gona dai ta fasa tafiya."

Can sai na ji ƙarar kwano. Ashe dillali ne ya ɓoyo shi a ƙarƙashin babbar rigarsa.

"To Malam, tunda haka ne, a taimaka a sam mini tokar nan. Mai ɗakina ta ce kada in koma gida ba ita."

Maigida ya yi dariya har da tari. Ya ƙwala mini kira, "Uwar yara, ga mai sayen gona ya zo sayen tokarta!" Na cika kwanon na ce kyauta ne. Ban taɓa jin na yi tsawo kamar ranar ba.

Daga baya manya suka shirya, aka buɗe ofisoshi, kanwa ta dawo kasuwa kamar ba ta taɓa tafiya ba. Maigida ya koma aikinsa. A shekarun da aka kawo shari'a ciwo ya kwantar da shi, kuma azuminsa na ƙarshe da dabinon gonar nan ya riƙa buɗe baki. Har yau in na ga mai keke da ɗaurin kara a baya sai zuciyata ta tsinke.

Yanzu gidajen bulo sun kewaye gonar, dillalai kuma ba su daina zarya ba, amma babban ɗanmu na nomanta. Matan yanzu a leda suke sayen kanwa, kara kuma a ƙona shi da shara a bayan katanga. Ban ga laifinsu ba, ni ma na taɓa cewa kwabo ce.

Da na gama kukana jiya, na sunkuya na jawo tukunyar daga ƙarƙashin gado. Hujin yana nan. Na ce wa matar ɗana bana ta ajiye mini kara, kuma ta zo da tsintsiyarta.