Ni da Inna da Autarta a Tafkin Lure

Asabar, daga Glenwood

Ƙarfe biyar daidai Nafisa ta danna mana hon a ƙofar gida, ko alfijir bai keto ba. Na fito da kular dambun shinkafa, Inna na biye da ni riƙe da buta da darduma. Nafisa ƙanwata ce, autarmu. Tana aikin haɗa magunguna, gidanta kuma yana Pleasant Garden, mai fili kamar gona. Ni kuwa tsofaffi nake kula da su a wani gidan jinya, ina hayar ɗan gida mai ɗaki biyu kusa da jami'a, a unguwar Glenwood ta birnin Greensboro. Wata biyu ke nan da zuwan Inna daga Funtuwa, kuma a wurina ta sauka. An riga an yanke cewa daga wannan tafiya gidan Nafisa za ta wuce, ta ƙarasa sauran wata huɗun a can. Ba wanda ya nemi shawarata.

Ni na tsara tafiyar zuwa Tafkin Lure, ni na kama mana ɗaki, amma aka ce motata ta tsufa, ba za ta iya da hawan dutse ba. Muka shiga ta Nafisa. Inna a gaba, ni a baya tare da kuloli.

Ni 'yar fari ce. Tun daga yaye kakata ta ɗauke ni, kuma ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. In da ni take, sai ta ce "ke". In maganata take, sai ta ce "waccan". Na san kunyar ɗan fari ce, haka muka tarar ana yi. To amma shekarata arba'in da ɗaya, har yau in na ji ta ce "Nafisata" sai in ji kishi.

Statesville zuwa Morganton

Muka ɗauki babbar hanya ta 40 muka nufi yamma. Biyar da rabi muka wuce Winston-Salem. Shida da minti goma muka tsaya a wurin hutun matafiya da ke wajen Statesville, muka yi asuba a kan ciyawa. Inna ta yi ta mamaki.

"Tafiyar awa guda, ko shinge ɗaya babu? Ba mai cewa a buɗe but ɗin mota?"

"Inna, nan 'yan sanda ɓoyewa suke yi a bayan bishiya," in ji Nafisa. Inna ta yi dariya har da dukan cinyarta. Watan jiya na faɗa mata wannan magana, "To" kawai ta ce.

Bakwai da kwata muka sha mai a Morganton. Na buɗe dambuna, Nafisa kuma ta shiga kanti ta fito da donot mai ɗumi. Inna ta ci dambu faranti guda ba ta ce uffan ba. Ta gutsuri donot sau ɗaya ta ce, "Allah ya yi miki albarka, Nafisata." Na rufe kulata da ƙarfi.

Daga nan muka bar babbar hanya muka kama ta 64. Bayan Rutherfordton titi ya fara lanƙwasa kamar maciji, kunnuwana suka toshe. Tara saura kwata muka hango ruwa tsakanin duwatsu. Mil ɗari da sittin da 'yan kai muka yi daga Greensboro.

Dutsen Chimney Rock

Tafkin Lure yana kwance ne a gindin tsaunuka, kore shar, gidajen katako sun jeru a bakinsa, kusan kowanne da kwalekwale ɗaure. Muka wuce shi tukuna zuwa Chimney Rock, wani dogon dutse da ya tsaya shi kaɗai kamar hasumiya. A cikin cikin dutsen aka haƙa rami aka sa lifta, na'urar da ke hawa da mutane sama. Inna ta ja tunga a ƙofa.

"Cikin dutse za mu shiga? Da ranmu?"

Na miƙa mata hannu. Ta tsallake shi ta kama na Nafisa.

Daga lifta akwai sauran matakala arba'in da wani abu kafin ƙololuwa. Aikina ke nan kullum, na san yadda ake tallafar tsoho a matakala, don haka na koma bayanta na sa tafin hannuna a ƙugunta, ina ɗauke mata nauyi a kowane taki. Da muka isa sama ta sauke numfashi ta ce, "Ba don Nafisa ba da ban hau ba."

Daga can tafkin kamar an yar da ƙyallen mayafi a tsakanin tsaunuka, shaho na shawagi a ƙasan ƙafarmu. Ban more shi ba. Hoto goma sha biyu na ɗauke su, kumatu a manne. Wata Baturiya ta ce in kawo wayar ta ɗauke mu mu uku. Da na matsa kusa, Inna ta ɗan ja jiki ta kau da kai. A hoton kamar baƙuwa ce ni da ta zo wucewa.

Da la'asar muka shiga jirgin yawon tafki, na awa guda. Direban yana ta ba da tarihin gidaje, Nafisa tana fassara wa Inna, rabi ma ƙirƙira take. Muka ci soyayyen kifi da dankali a wani shago bakin kogi, muka koma masauki kafin magariba. Gado biyu ne a ɗakin. Ba sai na faɗi wadda ta kwana ita kaɗai ba.

Lahadi, a kan ruwa

Tara da rabi muna bakin yashi. Inna ta shimfiɗa darduma, Nafisa ta ɗora kai a cinyarta, mace mai shekara talatin da biyu, Inna tana sosa mata kai. Na miƙe.

"Zan hau kayak."

Wani siririn kwalekwale ne na mutum ɗaya. Nafisa ta ɗago. "Yaya, kin taɓa hawa kuwa?"

"Yau zan fara."

Inna ta dubi Nafisa, ba ni ba. "Gaya mata ruwa ba sa'an kwando ba ne."

Wani dattijon Bature mai farin gemu ke ba da haya, dala ashirin da biyar awa guda. Ya sa na rubuta sunana a takarda, ya ɗaura mini rigar da ke hana nitsewa, ya ja igiyoyinta sosai. "Kada ki wuce jan tulun can da ke iyo a kan ruwa," in ji shi. "Kuma in jirgi mai inji ya wuce, ki fuskanci igiyar ruwan da hancin kwalekwale."

Da farko kewaya kawai nake a wuri ɗaya. Can hannuna ya faɗa, na yi ta tuƙi har na kusa tulun. Sai na waiga in ga ko suna kallona. Kawunansu a haɗe, suna duban waya. Na ƙara juyawa, na ɗaga filafilin tuƙin sama da hannu biyu ina kaɗa musu. Ban ma ga jirgin da ya wuce ba. Igiyarsa ta daki gefena, sai ga ni a ƙasa, kwalekwale a sama.

Sanyin ne ya fara ɗauke mini numfashi. Rigar ta cillo ni sama, amma hijabina ya naɗe mini fuska, ba na ganin komai, na sha ruwa har sau biyu. Ina ta fizga ina salati a zuci. A cikin wannan hali na ji wata murya ta keto tafkin.

"Saudatu! Saudatu! Wayyo Allah, Saudatu!"

Ba muryar Nafisa ba ce, ita Yaya take ce mini. Na daina fizga. Na yaye hijabin a hankali, na kama gefen kwalekwalen, na tsaya ina saurare har aka sake faɗa.

Dattijon ya iso da jirginsa cikin minti biyu, ya jawo ni ciki. Da muka doshi gaɓa na ga Inna tsaye a cikin ruwa har gwiwa, mayafinta yana iyo a gefe, takalmi ƙafa ɗaya. Ina sauka ta juya mini baya.

"Ba ta zanen nan ta rufa," ta ce wa Nafisa.

A ɗakin canja kaya Nafisa ta nuna mini gwiwar hannunta, ta kurje. "Riƙe ta na yi kada ta shiga, ta watsar da ni a yashi. Yaya, bara da na yi haɗarin mota, 'Allah ya kyauta' kawai ta ce mini a waya." Ta faɗa tana dariya, amma na san wannan dariyar, ni ma ita nake yi tun jiya. Allah ya yafe mini, daɗi na ji.

Komawa

Biyu da kwata muka kamo hanya, bayan azahar. Muka yi ta tafiya har muka wuce Hickory. Na yi ta maza na leƙo tsakanin kujeru.

"Inna, ɗazu a ruwa kamar na ji ana kirana."

Ta ci gaba da jan carbinta, idonta a kan titi. "Baturen nan ne. Ba ke kika rubuta masa sunan ba?"

Nafisa ta ƙyalƙyale da dariya har motar ta yi ɗan layi.

Biyar da rabi muka tsaya a ƙofar gidana. A raina na ce wataƙila ta fasa, wataƙila ta sauko. Ba ta sauko ba. Na shiga na ɗauko akwatinta da ledar magungunanta na sa a but, na zo tagarta na durƙusa na ce a sauka lafiya. Ta dubi Nafisa.

"Gaya wa waccan ta dafa citta da kanumfari ta sha yanzu-yanzu. Kuma ta sa safa. In ta yi tari ki kira ni."

"Inna, ga ta nan ai tana ji."

"Na ce ki gaya mata."

Nafisa ta gaya mini. Suka ja mota, ina hango hannun Inna yana gyara mata ɗankwali har suka sha kwana.

Na dafa cittar na sha, na sa safar. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, ya kuma fito da ni daga ruwan nan da raina. Na gode wa dattijon da ya ɗaure mini riga da kyau. Nafisa ma na gode mata da tuƙi, amma wata huɗun nan ban yafe mata ba tukuna.