Mai Shafin Rumbu a Tashar Gezawa

Yana zaune a bencin mai shayi, shaddarsa ta sha guga amma silifas ɗinsa duk ƙasar gona ce. Babban yatsansa sai jan fuskar waya yake yi.

"Malam Tajuddeen, shayinka fa yana hucewa," in ji mai shayin.

"Bar shi. Shekara shida ina bin dattawa ina rubuta yadda ake adana gero a rumbu. Duk wanda ya bincika a intanet, shafina ne farko. Masu injin binciken suka ce su abin da mutum ya gani da idonsa suke fifitawa, na yarda. Makon jiya suka sauya tsari. Yanzu ina can ƙasa, ba mai leƙowa."

Ni dai da nake zaune a gefensa, ina zargin ba rashin maziyarta shafin ne ke cinsa ba. Yana da idon wanda ya yi wa wani tsoho alkawarin duniya za ta san sunansa.

Yana miƙa wa mai shayin wayar. Shafin wasu da ke sama yanzu ya kwashe rubutunsa kaf, har da wani hoto da ya ɗauka.

"Ai wannan mahaifinka ne a gindin rumbunsa," in ji mai shayin.

"Shi ne. Karanta abin da suka sa a ƙasa."

Mai shayin yana haɗa baƙin a hankali: "Wani manomi."