Motar Fatar Yayana

Yayana baduku ne ɗan baduku, amma tun da ya buɗe shagon ɗinkin kujerun mota a titin Sultana, nan Madina, ya fara ganin kansa mai fasahar da duniya ba ta gano ba tukuna. Wata rana ya gani a waya an nuna wata motar gwaji da aka lulluɓe jikinta da yadi. Mota ce ta kallo kawai, ko masu ita ba su hau titi da ita ba. Shi ke nan, abin ya shiga kansa.

A lokacin bikin 'yarsa ta fari ya matso. Dangin ango masu hali ne, sun ɗauke kusan komai na hidimar, shi kuwa ya rantse a motarsa za a kai amarya. Wannan kaɗai ya rage masa ya nuna shi ma uba ne.

"Su yadi suka sa," ya ce mini. "Mu da muka gaji fata fa?"

"Yaya, tasu a ɗaki mai sanyi take kwana. Kai a Madina kake."

"Hassada ce ke cinka."

Na ƙyale shi. Wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho.

Ya tara jemammun fatun awaki, ya rina su ja, ya manne wa tsohuwar motarsa gaba da baya, har da zane irin na kuben takobi. Ranar farko ta yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Kafin a je ko'ina rana ta gasa fatar, ta soma tsattsagewa. Sai gwanin namu ya tuna abin da babanmu yake yi wa fata idan ta bushe. Ya sayo man shanu, ya shafe motar tas. Mota guda, da man shanu, a wannan zafi!

Kuliyoyin unguwarmu ta Ranuna kaf suka san ƙofar gidanmu. Wasu na lasa, wasu na wasa farce, kiyashi na nasu aiki daga ƙasa. Wari kuwa tun daga bakin layi yake tarar mutum. Maƙwabta su wuce suna "Masha Allah" hannu a hanci, shi kuma ya riƙa washe baki yana amsawa, ya ɗauka yabo ne. Haushi ya hana ni ko kallon wajen.

Ranar kai amarya ya goge ta, ya turara ta da turaren wuta, warin ya zama biyu. Ya sa sabuwar jallabiya, ya buɗe ƙofar baya, ya tsaya yana jiran 'yarsa. Bayansa ga doguwar farar motar surukai.

Amarya ta fito cikin ƙawayenta. Ta kalli motar, ta kalli ubanta, idonta ya ciko.

"Ya Baba, Allah yahallik, don Allah kada ka kunyata ni yau."

Ƙawaye suka ja ta zuwa farar motar, mata suka rangaɗa guɗa, kowa ya nemi wurin zama a motocin dangin ango, har da ni. Nan haushina ya ƙare, tausayinsa ya kama ni.

Da muka kai kwanar layi na waiwaya. Yana nan tsaye, riƙe da ƙofar a buɗe.