Gonar Yaya Sale a Sara, Shekara Tara Bayan Rasuwarsa

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana, Malam Sale, amma har yau idan na bi hanyar Gwaram na hango gonarsa a Sara, sai gabana ya faɗi.

Direban bas ne a da, tsakanin Birnin Kudu da Kano. Wani karo da fetur ya yi wuya, ya wuni a layin gidan mai ya dawo babu ko ɗigo. Ya ce mini, "Hadiza, abincin 'ya'yana ba zai ci gaba da dogara da famfon wani ba." Ya sayar da motar, ya koma gonar da ya gada, wadda zaizaya ta riga ta cinye rabinta.

Aikin da ya yi a can ya ba mutane dariya. Ya haƙa dogayen ramuka a gicciye don ruwan sama ya tsaya ya shige ƙasa. Ya hana a ƙone kara bayan girbi. Duk gawon da ya tsiro sai ya bar shi, ya dasa zogale da ɗorawa, ya cakuɗa gero da wake da kabewa wuri guda. Awaki su ci ganye, kashinsu ya koma gona, rassan da aka rage su shiga murhun matarsa Hajara. Bai sayi injin ban ruwa ba, bai jira takin zamani ba. Bayan 'yan shekaru, rijiyarsa ta daina ƙafewa da rani.

Maciji ne ya sare shi yana cikin aiki. Kafin a isa asibiti a Birnin Kudu, rai ya yi halinsa.

Da aka raba gado, babban ɗansa ya sayar da kasonsa ya tafi Kano. Wanda ya saya ya sare itatuwan ya yi gawayi. Ranar da na ga kututturan, ji na yi kamar an sake fitowa da gawar Yaya.

Yanzu fetur ya yi tsadar da Yaya bai taɓa gani ba. Injinan ban ruwa na kwance a fadama suna tsatsa, mata na tafiya mai nisa neman itace. Nakan tambayi kaina me zai ce. Shi ba mai gori ba ne. Ina jin shiru zai yi, ya ɗauki fartanya, kuma wannan shirun ne ke bi na ko'ina.

Hajara da ƙananan yaranta sun riƙe nasu kason. Bana ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina. Geron ɓangaren da aka sare ya bushe, nata ya tsaya kore, iyakar ta fito sarai. Ta ce mutumin da ya sare itatuwan ya zo da kansa yana neman irin gawo.

Na ce, "Kin ba shi?"

Ta ce, "Na ba shi, Hadiza. Da Malam na nan, ba zai hana ba. Amma na gaya masa, inuwar da ya sare, sai jikokinsa ne za su zauna a ƙarƙashin irinta."

Yaya bai bar gidan siminti ba, kuma rabin aikinsa ya tafi a buhunan gawayi. Ɗaya rabin har yanzu yana ciyar da marayunsa. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya samu inuwa a can.