Neman Lakwal Kafin a Rushe Zango

Mun tashi da asuba ran Talata, ni da ƙanena, a kan mobilet ɗinsa, ɗan babur mai tari kamar tsohon mashayin taba. Ban zaɓi Alhamis ba, don ranar babu lakwal, ni kuwa lakwal, wato makarantar boko, na fita dubawa. Ku da kuke tare ni a bakin famfo kuna cewa na guji dangi, ku zauna ku ji inda na je, in da sauran yawu a bakinku sai ku ci gaba da zagin.

Kun dai san an shafa wa bangayen Zango jan fenti, rushewa za a yi. Ranar da takardar ta zo gidanmu, dattawa shida ne a zaure, kowannensu ya sauke Alƙur'ani. Takarda ta zaga hannu zuwa hannu ta dawo inda ta fito, don da Faransanci aka rubuta ta. Sai da aka kira 'yata Balkisa daga wanke-wanke, 'yar shekara goma sha ɗaya, hannunta da kumfa, ta karanta mana cewa kwanakin gidan kakanmu sun ƙare. Kawu, wanda ke riƙe da gidan tun rasuwar mahaifina, ya yanke cewa duk mu koma sababbin filayen da aka ba mutanen Zango a bayan gari. Ni mijina ya rasu, Balkisa kaɗai gare ni, baɗi kuma za ta zauna jarrabawar sartifika ta gama ƙaramar lakwal. Na ce ba inda zan kai tabarmata sai na ga inda yarinyar nan za ta yi karatu.

Goro nake sayarwa, kamar ubana. Abu na farko da ya koya mini shi ne ba a sayen huhu don goron da ke sama, sai an tura hannu har gindi. Da wannan ilimin na fita, ba ni da wani.

Sababbin filayen muka fara nufa. Kwalta ta raka mu ta gaji, ta bar mu da jar ƙasa mai rami-rami, har sai da na ji ƙuguna ya rabu biyu. Mun sha mai na kwalba a hanya, mai sayarwar ya ƙara mana dala goma a kan kuɗin cikin gari, wai kuɗin nisa. Filin dai Allah ya yi shi da faɗi. Mutanenmu har sun jera duwatsu sun fitar da alƙiblar masallaci, kuma na ji daɗin ganin haka, ba zan ɓoye ba. Na tambayi wani mai buga bulo ina lakwal. Ya nuna mini wani fili da allon ƙarfe a kafe, awaki na kiwo a ƙarƙashinsa. Ya ce a nan za a gina. Muna tsaye sai ga yara uku da jakunkuna, sun yi futu-futu da ƙura, za su tsallaka babban titin manyan motoci su je lakwal ɗin wata unguwa. Ƙaramarsu ba ta kai Balkisa ba. Na ce wa ƙanena tayar da mobilet, na ga abin da na zo gani.

Daga nan sai unguwar Sisen. Jama'a kamar ranar kasuwa, gida a kan gida, haya da sauƙi, kuma kowace kusurwa akwai mai tuya. Lakwal ɗin gwamnati da muka shiga ta sha sabon fenti, har da furanni a bakin ofis. Direkta, shugaban lakwal ɗin, ya ba ni kujera, ya yi ta zuba Faransanci ƙanena na fassarawa, duk magana mai daɗi. Na ce a nuna mini makewayi, na bi ta baya na leƙa ajin ƙarshe. Yara biyar a benci ɗaya, wasu a ƙasa, babu malami, sai wata doguwar ɗaliba da bulala tana rubuta sunan masu surutu. Makewayin kuwa tun daga nesa ya gaishe ni. Na dawo na yi wa direkta godiya sosai, don kujerarsa tana da laushi.

Rana ta take muka isa Zogona, gefen jami'a. A nan muka ci benga, shinkafa da wake, na dala ashirin, muka kora da zomkom mai sanyi, ruwan gero da citta. Mai abincin ta cika mini kwano da ta ji Moshancina, yaren mutanen garin, irin na 'yan Zango, ta yi ta dariya tana cewa in sake faɗa. Kowa ya yabi lakwal ɗin unguwar, kuma na yarda. Matsalar gida ce. Masu gidaje ɗalibai suke so, a zuba huɗu a ɗaki ɗaya kowa ya biya nasa. Ɗakin da muka samu jikin gidan rawa yake, da rana tsaka ma bangon na rawa. Mai gidan ya ce za mu saba. Na ce shi ya saba, ni ina da 'ya mace.

Ƙanena ya fara ƙorafi, wai mobilet ta yi zafi, mu koma. Na ce ko tura ta za mu yi sai mun ga unguwar Widi.

Ƙarfe uku, lokacin da yara ke komawa aji, muka tsaya a ƙofar wata tsohuwar lakwal a Widi. Wallahi da ganin ido ne, ko sauka ba zan yi ba. Fenti ya kwaye, kwanon rufi ya yi tsatsa. Ban nemi ofis ba wannan karon. Na zauna wurin wata tsohuwa mai sayar da mangwaro a bakin ƙofa, na ɓare goro na ba ta rabi, na tambaye ta abu ɗaya: malaman nan, ina nasu 'ya'yan ke karatu? Ta ɗaga haɓa ta nuna wata madam, malama, da ke shigowa a kan keke, da yarinya a bayanta. Ta ce 'yarta ce, a ajinta take, kuma ta fi kowa shan bulala. Na zagaya baya. Famfo na zuba, makewayin 'yan mata daban, da ƙofa, da sakata. Aji a cike yake, ba zan yi muku ƙarya ba, amma alli na tafiya a kan allo, ba ka jin komai sai muryar malama.

Direktan wani siririn Bamoshe ne mara fara'a. Ya ce babu wuri. Na kwance ɗan zanen da na ƙunso littafin Balkisa a ciki na ajiye masa a tebur. Ya buɗe don ya sallame ni, sai ya ci gaba da buɗawa. Can ya ɗago ya ce in kawo ta da takardar haihuwarta idan an dawo daga hutu. Tsohuwar mai mangwaro ce ta kai mu wani gida a layi na biyu, ciki da falo, da bishiyar darbejiya a tsakar gida, masu hayar gidan mata uku da yaransu. Akwai masallaci a ƙarshen layin, malamin yana karantar da allo bayan la'asar. Na tsaya na ji karatun almajiransa, babu gyara.

Mun shigo Zango ana kiran magariba, jan fentin nan na kallonmu a kowane bango. Kawu na zaure. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa na kama ɗaki a Widi. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, “'Yar nan, za ki bar mutanenki ki shiga cikin baƙi? Ranar da kika mutu, wa zai yi miki wanka?”

Maganar ta soke ni, har na ji hawaye, don na san da ƙauna ya faɗa. Na ce, “Kawu, Allah ya bar mana kai. Mutuwa sau ɗaya zan yi, ranar ku aiko a ɗauko ni, Widi ba Makka ba ce. Lakwal kuwa kullum Balkisa za ta je ta.”

Har yau bai ce ya yarda ba. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne unguwa huhun goro ce, mai tuya da mai mangwaro sun fi ofis sanin gindinta. Kuma ba zan sake zama a zauren da takarda za ta zaga mutum shida ta rasa mai karanta ta ba.

Jiya wata takardar ta zo, ta ranar da za a fara kwashe kaya. Ina ɗaki ina ɗaure tukwane na ji Kawu ya ɗaga murya daga zaure yana cewa, “Ina Balkisa? Ku kira mini ita.”